Almakashi mai sarƙa, ƙaramin zarton batir ko mai doguwar sanda: wanne ya dace da rage rassa a Sakkwato?

Daga ƙarshen Afrilu zuwa farkon Yuni, lokacin da hadarin farko ke tasowa daga gabas da iska da jar ƙura tun kafin ɗigon ruwa ya sauka, mai gida a Mabera ko Arkilla kan ɗaga kai ya ga reshen dogonyaro ya kwanta bisa kwanon ɗakinsa. Masu lambun mangwaro da gwaba a gefen fadamar Rima, wajen Kwalkwalawa da Wamakko, su kuma jira suke a gama tsinkar 'ya'ya su rage rassan da suka cunkushe. A da adda da gatari da barandami ke wannan aiki. Yanzu injuna masu sarƙa sun shigo, manya da ƙanana, kuma mai saye yakan fara da tambayar wanda ya fi ƙarfi. Abin da ya kamata ya fara aunawa shi ne kaurin rassan da zai yanka da tsayinsu daga ƙasa, domin waɗannan biyun ne ke nuna injin da zai yi aikin ba tare da ya ci mai shi ba.

Mu fara da almakashi mai sarƙa, wanda za mu kira mai bakin kada saboda samfurin Alligator na kamfanin Black+Decker, sunan da ke nufin wani nau'in kada. Siffarsa ta babban almakashi ce mai hannu biyu, sai dai a cikin bakin akwai ɗan gajeren harshen ƙarfe da sarƙa mai haƙora ke zagayawa a kansa. Muƙamuƙin sama ya rufe bayan sarƙar da kan harshen, na ƙasa kuma yana da tsini-tsini da ke cafke reshe. Kowane hannu yana da makunninsa, kuma injin ba ya tashi sai an matsa su duka biyun. Nauyinsa kusan kilo 3 ne, yana cin reshe mai kaurin santimita 10, wato inci 4, kamar dantsen babban mutum. Na wutar lantarki, samfurin GK1000, wat 550 yake ja. Akwai kuma na batir mai bolt 18.

Wannan ƙira ta toshe hanyoyi biyu da zarto mai sarƙa ya fi raunata mutane ta cikinsu. Ta farko ita ce zabura. Idan sashen sama na kan harshe ya taɓi wani reshe ko bango alhali sarƙa na gudu, haƙorin ba ya shiga itacen, sai ya dafe shi ya wurgo injin sama da baya, wajen fuska da kafaɗa, kafin mutum ya ƙifta ido. A mai bakin kada wannan sashe a rufe yake. Hanya ta biyu ita ce hannun hagu. Mai aiki da ƙaramin zarto yakan kama reshe da hagu ya yanka da dama, reshen ya yi tsalle, sarƙa ta sauka kan yatsu. Da almakashi mai sarƙa hannuwa biyun duk suna kan makunni, bakin injin ne ke riƙe reshen. Wannan kaɗai ya sa shi ne za mu miƙa wa wanda bai taɓa riƙe zarto mai inji ba.

Yana da wani amfani da ba a cika lura da shi ba sai an zo daddatsa rassan da suka faɗo domin itacen girki. Sarƙar da ta taɓi ƙasa sau ɗaya ta dakushe, balle ƙasar Sakkwato mai yashi. Da mai bakin kada ana iya cafkar reshe yana kwance a datse shi daga gefe, muƙamuƙi ya tsare sarƙa daga yashi.

Iyakarsa kuma a fili take. Abin da bai shiga bakin ba, ba ya yankuwa, kuma kaurin kan injin yana hana shi shiga matsattsen wuri tsakanin rassa biyu, kamar cikin gwaba ko lemo da suka yi duhu. Saransa na ƙarshe a jikin icce ba ya yin sumul kamar na zarton hannu, domin muƙamuƙi kan kurje ɓawo. Ba shi da gudu. Babbar matsalarsa ita ce tsawo: hannunsa gajere ne, abin da ya wuce kafaɗa ya fi ƙarfinsa, daga nan ne mutum ke jawo tsani ko ya hau durom. Injin da ke buƙatar hannu biyu bai bar maka hannun riƙe tsani ba. Reshen da aka yanke yakan juyo ya bugi ƙafar tsanin, kuma murfin sarƙa ba ya hana karaya.

Ƙaramin zarton batir, mai harshe inci 4 ko 6, shi ya fi yawa yanzu a shagunan kayan aiki da tallace-tallacen intanet, ya kuma fi araha. Nauyinsa bai cika wuce kilo ɗaya da rabi ba, yana kutsawa inda mai bakin kada ba ya shiga, yana yanka da sauri da tsabta. Ga mai lambun mangwaro ko kashu da zai yini yana cire rassa masu kaurin santimita 4 zuwa 8, ya fi sauƙi a hannu nesa ba kusa ba. Sai dai sarƙarsa a buɗe take ta ƙasa, ɗan murfin roba ne kawai a samanta, kuma rashin nauyin nan shi ke ruɗar mutum ya riƙe shi da hannu ɗaya. Ko kamfanin Stihl, mai samfurin GTA 26, hannu biyu ya ce a riƙe nasa. Waɗanda ba su da sunan kamfani a jiki suna da ƙarin matsala: wasu ba su da maɓallin da ke kulle makunni, batir na ciki yaro ya ɗauka ya matsa, sarƙa ta tashi. Wanda zai sayi irin wannan ya tabbata zai iya hana kansa kama reshe da hagu. In ya san ba zai iya ba, to mai bakin kada ya fi masa, ko da zai ƙara kuɗi.

Mai doguwar sanda kuwa ɗan zarto ne mai harshe inci 8 ko 10 a kan sanda mai miƙewa mita 2 zuwa 3 ko fiye. Shi ne amsar rassan dogonyaro da ke saman kai, domin ƙafafunka biyu suna ƙasa, sarƙa kuma tana nesa da jiki. Haɗarinsa daga sama yake zuwa. Kada a tsaya ƙarƙashin reshen da ake yanka. A ja baya har sandar ta karkata, kada miƙewarta daga ƙasa ta wuce digiri 60, a kuma share hanyar ja da baya kafin a kunna. Hular kwano dole ce. Nauyin duk yana can ƙarshen sanda, minti goma sun isa kafaɗa ta fara rawa, kuma gajiyayyen hannu ne ke sakin inji ya faɗo bayan reshe ya rabu.

Batun wayar lantarki ba a yi masa sassauci. A unguwanni da yawa layin wuta ya ratsa ta tsakiyar dogonyaro, wani ƙaramin layi ne mai shiga gidaje, wani kuma babba ne mai bolt 11,000 ko 33,000. Wutar babban layi tana tsallakowa ta iska ko ba a taɓa wayar ba, ɗanyen reshe kuma yana ɗaukarta har hannu. Masu ƙera zarton sanda suna rubuta nisan mita 10, wasu 15, tsakanin injin da layin wuta. Kada a ce ai an ɗauke wuta, babu wanda ya san minti nawa ya rage a dawo da ita. Reshen da ke kusa da waya sai a sanar da ofishin Kaduna Electric, kamfanin da ke raba wuta a jihar, su kashe layin ko su turo ma'aikatansu.

Babban zarton fetur ba na rage rassa a gida ba ne. Na sare gindi ne da daddatsa gungume, kuma na wanda ya koyi aikin. Sarƙarsa tana gudun kusan mita 20 a daƙiƙa, ƙararsa ta haura desibel 100. Idan reshe ya wuce santimita 15, ko yana saman ɗaki, ko sai an hau icce, kuɗin kiran mai sana'ar ya fi sauƙi a kan kuɗin kwano ko na asibiti. Haka nan ta ɓangaren ƙananan rassa: reshen da bai kai santimita 4 ba, almakashin hannu mai dogayen ƙafafu ko lanƙwasasshen zarton hannu sun fi kowane inji. Sarƙa tana fizgar siririn reshe ta yi bulala da shi, ga magarya da aduwa da bagaruwa ƙaya gare su.

Na waya ko na batir

In an tsaya kan mai bakin kada, saura zaɓin wuta. Na waya ba ya gajiya, ya fi araha, kuma babu batirin da zai mutu bayan shekara biyu ko uku. Amma sai da wuta, kuma ba kullum ake da ita lokacin da ake so ba. Wat 550 ba shi da yawa, sai dai inji yakan ja ninki biyu ko uku a lokacin tashi, don haka ƙaramin janareto mai wat 650 zai riƙa shaƙewa. Mai wat 1,500 ko inbata ta sola mai irin wannan ƙarfi sun wadatar. Wayar ƙari ta zama mai kaurin murabba'in milimita 1.5, ta waje, ba wadda aka yi wa ɗauri da leda ba, a warware ta duka daga kan abin naɗinta don kada ta yi zafi. A ratayo ta ta bayan kafaɗa, kada ta shiga tsakanin rassan da aka zubar. A lambun da ake ban ruwa, inda ƙasa ke da laima, a sa na'urar da ke katse wuta da zarar ta fara zurarewa, mai awon miliamfiya 30.

Ga wani abu da ke ƙona injuna da yawa a ranar farko. Wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120. Samfurin LP1000 da ke zuwa cikin kayan gwanjo na Amurka ne, kamarsu ɗaya da GK1000, amma in aka soka shi a soket ɗinmu kai tsaye zai yi kuka mai ƙarfi na ɗan lokaci, ya yi hayaƙi, ya mutu. A karanta lambar da ke jikin injin kafin a biya. Cajar batir ma haka.

Na batir ya fi dacewa da lambu da gona, kuma babu wayar da za a datse bisa kuskure. Abokin gabansa zafi ne. A Afrilu da Mayu zafin Sakkwato yana haura digiri 40, wanda shi ne kusan iyakar da ake son a yi cajin batirin litiyom. Batirin da aka cire daga inji yana da zafi a bar shi ya huce a inuwa rabin awa kafin a sa shi caji. Kada a bar shi cikin mota ko kan kujerar babur a rana, kada kuma a kwana ana caji a ɗakin barci. Wanda ya kumbura ko ya fara wari an gama da shi. Batir biyu sun fi ɗaya, kuma kafin a sayi inji a tambaya ko ana samun batirinsa shi kaɗai.

Yadda ake sauke reshe

Duk injin da aka zaɓa, reshe mai nauyi sara uku ake yi masa. A auno kamar santimita 30 daga jikin icce, a yanka daga ƙasa zuwa sulusin kauri, a tsaya. In aka zarce, nauyin reshen zai matse harshe ya kama shi. Sai a matsa gaba santimita 3 zuwa 5 wajen ganye, a yanko daga sama har reshen ya faɗi. Saran ƙasan nan shi ke hana ɓawo ya yage ya bi jikin icce, abin da ake yawan gani a mangwaron da aka sara da adda. Sara na uku shi ne cire guntun da ya rage, daf da kumburin nan mai kama da zobe inda reshe ya haɗu da uwarsa. Kada a aske zoben, daga nan ne icce ke rufe ciwonsa. Kada kuma a bar dogon kututture, zai bushe, gara da ruɓa su bi ta cikinsa. Da mai bakin kada saran ƙasa yana buƙatar a juya injin, kuma a nan ƙaramin zarton hannu ya fi sauƙi: a yi saran ƙasa da shi, a yi na sama da inji.

A kunna inji sarƙa ta kai cikakken gudu kafin ta taɓi itace, sannan a matse hannuwan a hankali. Matsi da ƙarfi ba ya ƙara sauri, inji kawai yake ɗumamawa. In harshe ya maƙale, a saki makunni, a cire filogi ko batir, a ɗaga reshen da hannu ko da sanda har tsagar ta buɗe. Fizga yana lanƙwasa harshe. Reshen da ya lanƙwaso saboda wani ya danne shi kamar baka yake, yana rabuwa zai yi harbi, don haka a tsaya ta cikin lanƙwasar, a rage shi kaɗan-kaɗan daga ƙarshe. Kada a cire fiye da rubu'in ganyen icce a shekara guda. A garin da inuwa ke da daraja irin ta Sakkwato, aske dogonyaro ƙwal asara ce, kuma tohon da zai fito bayan haka ba shi da ƙarfin riƙo, shi iska ke fara karyawa. Iccen bakin titi ko na makaranta kuwa sai an nemi izinin hukumar da ke kula da shi.

Kafin sara na farko a kewaya iccen a duba. Gidan rina da zuma, ƙusa ko waya da aka ɗaure a reshe shekarun baya har ɓawo ya haɗiye ta, igiyar shanya, duk suna nan. Ƙusa ɗaya tana kashe sarƙa.

Mai da sarƙa

Mai bakin kada na Black+Decker ba ya zuba wa kansa mai. Akwai ɗan rami da ake ɗiga mai a ciki, kuma ana so a yi haka bayan kowane minti 10 na aiki. Yawancin ƙananan zartunan batir ma da hannu ake ɗiga musu. Masu doguwar sanda sukan zo da ɗan tanki. Man sarƙa na musamman ya fi, domin yana da danƙo ba ya fallatsa. In babu, sabon man inji mai lamba 30 zai yi. Baƙin man da aka juye daga mota ko janareto, wanda mutane ke karɓowa wajen makanikai, cike yake da garin ƙarfe mai cinye harshe, kuma yana fantsama kan ganye. Duk wanda ya san cewa ganyen da aka sauke awaki da tumaki ne za su ci shi, musamman na gawo a tsakiyar rani, ba zai so baƙin mai a kai ba. Ga irin wannan aiki man gyaɗa yana yi, muddin an goge sarƙa da harshe a ranar, domin in ya kwana biyu yakan daskare ya zama ƙaro.

Ana duba ɗaurin sarƙa tana sanyi, batir a cire. A ja ta daga tsakiyar harshe: ta ɗago kamar milimita 3 ta koma da kanta, kuma ta zagaya da hannu mai safa ba tare da tauri ba. In tana reto a ƙasa za ta fita daga layi tana gudu. In ta yi tsauri za ta ƙona harshe. Sabuwar sarƙa tana saki da wuri, a sake dubata bayan yanka biyar ko goma na farko. Wanda ya cire ta ya wanke ya lura da fuskar haƙora wajen mayarwa: a saman harshe kaifin yana duban gaba. Sarƙar da aka sa a juye tana gudu tana hayaƙi ba ta cin komai.

Ƙurar hunturu tana shiga tsagar ɓawon dogonyaro ta zauna, shi ya sa sarƙa ke saurin dakushewa a nan fiye da yadda takardar inji ta nuna. Mai kaifi tana zubar da ɓarɓashi manya-manya, dakusasshiya kuwa gari take fitarwa kamar na tuwo, sai an danna ta, wurin yankan ya yi baƙi. Ana wasa ta da magagari mai zagaye, a karkace digiri 30, daga cikin haƙori zuwa waje, shafa biyu ko uku iri ɗaya ga kowane haƙori. Kaurin magagari ya danganta da sarƙar: milimita 4 ga yawancin na zarton sanda, 3.2 ga wasu ƙanana. Goge ɓawo da burushi kafin yanka yana ƙara mata kwana.

Tufafi ma suna cikin lissafi. Babbar riga, jallabiya mai faɗin hannu, jelar rawani, mayafi, carbi a wuyan hannu, duk abin da ke lilo sarƙa na iya kamawa. Riga mai kama jiki, wando mai kauri, takalmi rufaffe maimakon silifas, safar hannu ta fata, da tabarau na kariya, domin ɓarɓashin dogonyaro a ido yana da raɗaɗi. A yi aikin da sassafe, bayan gari ya waye sosai zuwa hantsi. Mai azumi ko wanda rana ta gasa hankalinsa ba ya kan hannunsa. Ƙarar inji tana tara yara kamar kiɗa, saboda haka a sa babban mutum guda wanda aikinsa kawai ya tsare su can nesa, ninki biyu na tsawon reshen ko fiye, shi ne kuma zai kawo ɗauki in wani abu ya faru. Ciwon sarƙa yagewa ne, ba ya kama da na wuƙa. A danne shi da tsumma mai tsabta da ƙarfi, a ɗaga gaɓar sama, kada a zuba toka ko ƙasa ko man inji, a wuce asibiti kai tsaye, Asibitin Ƙwararru ko na Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ga wanda ke cikin gari, a kuma tambayi allurar tetanus.

Idan aka haɗa duka, mai gida da ke da itatuwa biyu ko uku a tsakar gida, rassansa ba su wuce kafaɗa ba, yana kuma son daddatsa itacen girki, mai bakin kada ya fi masa kwanciyar hankali. Mai lambu da ya saba da kayan aiki zai fi cin moriyar ƙaramin zarton batir na kamfani sananne, tare da almakashin hannu a aljihu. Wanda matsalarsa dogonyaro ce mai tsawo, kuma babu waya kusa, ya nemi mai sanda, kada ya sayi gajere ya ce zai cike da tsani.

A shago, kafin kuɗi su fita, a sa mai kaya ya kunna injin. In mai bakin kada ne, a saki hannu ɗaya a ga ko ya mutu nan take. A girgiza harshen a ji ko yana motsi bayan an ɗaure noti. Sannan a nemi sarƙa ta biyu a wurin, a gwada ta a kan harshen. Sarƙar mai bakin kada gajeriya ce mai adadin gaɓoɓi na musamman, ba kowane mai kayan inji ke ajiye ta ba, kuma in ba a same ta a Sakkwato ba sai an aika Kano ko Legas. A rubuta lambar da ke jikin kwalinta a ajiye tare da takardar injin.